Sabon Inji, Tsohon Lagireto

Duk wanda ya saba bin hanyar nan da ta fito daga cikin birnin Bauci ta ratsa Yelwa ta miƙe zuwa Dass, musamman a watannin Maris da Afrilu sa'ad da rana ke ƙwallewa tun da hantsi, da wuya ya kai ƙarshen tafiyarsa bai ga wata mota a gefen kwalta an ɗaga mata bonet ba. Tururi na tashi, fasinjoji sun fake a inuwar dogon-yaro suna fifita, yaron mota kuwa ya ruga cikin unguwa da galan neman ruwa. In aka tsaya aka yi wa direban jaje, sau da yawa abin da zai fara faɗi shi ne, "Wallahi ko mako biyu ba a yi da ɗaura mata inji ba." Watau motar da ake zaton ta yi sallama da gareji na wani lokaci, ita ce ke tafasa a bakin hanya kamar tukunyar mai koko.

Wannan magana ba ƙarama ba ce ga mai motar haya. Inji shi ne abu mafi tsada da ake saya wa tsohuwar mota, kuma galibi sai an kwashi adashi, ko an sayar da amfanin gona, ko an ci bashi kafin a haɗa kuɗinsa. Tafasa ɗaya mai tsanani ta isa ta ƙone gasket, ta lanƙwasa kan injin, wanda kanikawa ke kira tof, a koma gidan jiya. Daga nan sai jayayya ta tashi tsakanin mutum huɗu. Mai mota ya je wa mai sayar da inji ya ce an ba shi ruɓaɓɓen kaya. Shi kuwa ya ce, "Haba Alhaji, lafiya lau injin nan ya bar shagona, je ka tambayi bakanikenka." Bakanike ya ce, "Ranka ya daɗe, ni inji aka ce in ɗaura, na kuwa ɗaura, ya tashi a gabanka. Zancen ruwa ai na mai lagireto ne." Mai lagireto ya ce shi wankewa aka ce ya yi, ya wanke. Kowa ya faɗi iyakar gaskiyarsa, asara kuwa ta tare a kan mutum ɗaya.

Ɗaura wa mota injin da ba nata ba bai zama ruwan dare a ƙasar nan ba sai da hali ya canja. A 1975 kamfanin Peugeot ya soma harhaɗa motoci a Kaduna, Volkswagen kuma a Legas, kafin shekarun 1970 su ƙare Bauci kanta ta sami kamfanin Steyr mai harhaɗa manyan motoci da taraktoci tare da haɗin gwiwar mutanen Ostiriya. A wancan zamani in injin Fijo 504 ya gaji sai a sauke shi, a sake masa fistin da ringi da sauran kayan ciki sababbi, a mayar da shi mazauninsa. Naira tana da ƙarfi, har ta fi dalar Amurka daraja a farkon shekarun 1980. Bayan da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki a 1986, aka saki Naira a kasuwar musayar kuɗi a watan Satumba na wannan shekara, sai dala ɗaya ta haura Naira 3, sabuwar mota da sababbin kayan gyara suka soma fin ƙarfin ma'aikaci da ɗan kasuwa. Tsofaffin motoci da injuna na Turai da Japan, waɗanda ake kira tokumbo ko 'yan Beljiyam, suka maye gurbin. Daga Ladipo ta Legas da kasuwannin Nnewi da Onica suke haurowa Arewa, su bazu a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano da shagunan garuruwa irin su Bauci.

To, abin da kasuwa ta kawo, kuma aljihu ya iya ɗauka, shi ake ɗaurawa. Sai a ga injin Japan a cikin bodin Faransa, ko na dizal inda na fetur ya fita, ko babba a gurbin ƙarami. Tun daga 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa wajen Naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa, sai aka sami masu neman akasin haka, watau a cire musu mai silinda shida a sa mai huɗu. A yaba wa kanikawan gida a nan. Mutumin da zai auna da ido, ya yanka ƙarfe ya yi wa baƙon inji mazauni, ya haɗa shi da giyabos ɗin da ba a ƙera su tare ba, ya kuma tashi, lalle ya san aikinsa. Inda ake yin sakaci shi ne bayan injin ya tashi. Murna ta kama kowa, kuɗi sun ƙare, rana ta yi yamma, sai a jawo tsohon lagireto a ɗaure, a lanƙwasa tiyo biyu su kai bakinsa ko ta halin ƙaƙa, a ɗura ruwa, a ce Alhaji ga makulli.

Da mai mota zai san yawan zafin da ake magana a kansa, da bai yarda an yi masa haka ba. Man da inji ke ƙonawa, abin da ke zama ƙarfin juya taya bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba, sau da yawa ma bai kai ba. Wajen kashi ɗaya yana fita ta salansa, saura kuwa ruwa ne ke kwashe shi ya kai lagireto, iska ta ɗauke. Wannan kaso na ruwa daga lita ɗaya tak ta fetur ya isa ya ɗaga ruwa wajen lita 35 daga sanyin randa zuwa tafasa. Bas ɗin da ke shan lita 10 a awa guda a kan hawa da cikakken lodi, lagiretonsa na fama da zafin da ya yi daidai da hita 30 ta lantarki, kowace mai wat 1,000, an kunna su gaba ɗaya. Alhali kuwa duk ruwan da ke zagayawa a cikin motar bai cika bokiti ɗaya ba. Tun 1901 da Wilhelm Maybach na Jamus ya sa wa motar Mercedes ta farko lagireto mai kama da saƙar zuma, dabarar ba ta canja ba: ɗan ruwa kaɗan ya yi ta zagayawa da sauri ta cikin siraran bututu, iska mai yawa ta yi ta ratsa su.

Ma'anar wannan ita ce kowane lagireto an auna shi ne da injin da aka ƙera shi dominsa. In sabon injin ya fi tsohon ƙarfi, zafinsa ya fi, tsohon lagireto ba zai ɗauke shi ba ko da an wanke shi ya yi fes. Maganin da aka fi sani a gareji shi ne a sa mai layi biyu ko uku, watau mai kauri. Hakan na taimakawa, amma yana da iyaka, domin iskar da ta ratsa layin farko ta riga ta ɗumama kafin ta kai na baya, kuma kauri na sa ta wahalar wucewa. Faɗin fuskar lagireto ya fi kaurinsa amfani. In gaban motar zai ɗauki mai faɗi, shi ya fi, kuma mafi alheri duka shi ne a sayo inji tare da lagireton motar da ya fito daga cikinta, da fankarsa, da tiyonsa, a lissafa su cikin kuɗin tun farko. Haka kuma a tuna da abin da ke gaban lagireton. Motar da ke da iyakwandishan tana da wani ɗan lagireto na daban a gaba wanda ke zubo nasa zafin a kan na baya, kuma mai giya otomatik galibi manta na ratsa tankin lagireto don ya huce. In aka sa lagireton motar da ba otomatik ba, aka toshe bututun man giyar, to an ceci inji an kashe giyabos.

Ko da sabon injin ƙarami ne, ba a tsira ba. Ƙaramin inji a cikin bodi mai nauyi kullum a wahale yake, direba na danne totur har ƙasa a wurin da babban ke tafiya a sake.

Zancen tiyo kuwa, abin da ido ke gani ne, amma nan ne ake yin ha'inci mafi yawa. Ruwan zafi na fita daga saman inji ya shiga lagireto, ya huce, famfon ruwa ya jawo shi ta tiyon ƙasa. A baƙon inji bakunan nan ba sa fuskantar inda na tsohon suke, faɗinsu ma kan bambanta. Sai a ga an lanƙwasa tiyo har ya karye a gwiwa ya rage hanyar ruwa, ko an haɗa guntaye uku da bututun famfo. Haɗi ba laifi ba ne in an yi shi da kyau, amma dole bututun ƙarfen ya zama yana da ɗan tudu a bakinsa wanda kilif zai kama a bayansa, in ba haka ba ranar da matsi ya hau sai tiyon ya zame, ruwa ya tsiyaye cikin minti guda. Tiyon ƙasa yana da nasa halin. Famfo zuƙarsa yake yi, saboda haka in ya yi laushi ko ya yi tsawo da yawa sai ya shafe kamar tsinken shan lemo sa'ad da injin ke gudu, ya koma daidai da zarar an tsaya. Bakanike ya duba a gareji ya ga komai lafiya. Shi ya sa waɗansu kamfanoni ke sa waya mai naɗi a cikinsa. A kuma bar wa tiyo ɗan sassauci, domin inji na motsi a kan mazauninsa, lagireto kuwa a kafe yake a jikin bodi.

Akwai kuma iskar da ke maƙalewa a ciki. Ƙa'ida ita ce bakin da ake ɗura ruwa ya zama shi ne wuri mafi tsayi a duk hanyar ruwan. In sabon injin ya zauna sama da yadda tsohon yake, sai iska ta taru a cikin tof, daidai wurin da ya fi ko'ina zafi. Motoci ma iri biyu ne ta wannan fuska. Tsofaffin ƙirar Japan da yawa murfinsu na kan lagireto, da 'yar gorar roba a gefe wadda ke karɓar ambaliya ta mayar in injin ya huce. Ƙirar Turai irin su Golf da Peugeot 406 kuwa murfin matsin na kan gorar ne, ita ma cikin matsi take, waɗansunsu kuma suna da ƙananan sukurori na fitar da iska. In aka gauraya tsarin biyu ba tare da lura ba, sai a ƙare da murfin matsi biyu suna saɓa wa juna, ko a rasa ko ɗaya.

Shi murfin nan, da yake ɗan ƙarami ne mai araha, ba a ɗauke shi bakin komai ba, har akan ga an maye gurbinsa da tsumma da leda. Ruwa na tafasa a digiri 100 a gaɓar teku. A Bauci, wadda ke wajen mita 600 sama da teku, yana tafasa a wajen 98, a Jos kuwa, da ta haura mita 1,200, a wajen 96. Murfin da aka rubuta wa 0.9 ko 1.1 a kansa yana riƙe matsi ya ɗaga wannan iyaka zuwa kusan digiri 120. Injunan zamani da yawa an ƙera su ne su yi aiki tsakanin digiri 90 da ɗan abin da ya haura 100. Ke nan in murfin ya mutu, lafiyayyen inji ma sai ya tafasa a hawan Jos. In kuma aka sa murfi mai ƙarfi a kan tsohon lagireton tagulla da ya sha faci da dalma, sai ya tsage. A bi lambar da sabon injin ke bukata, a kuma tabbata lagireton zai jure ta.

Yanzu sai babbar magana, wadda ta fi kowace jawo gardama a bakin gareji, watau tamostat. Wannan wata 'yar ƙofa ce a hanyar ruwa, mai kakin zuma irin na masana'anta a cikinta. In injin na da sanyi a rufe take, ruwa na zagayawa a cikin injin kaɗai don ya yi saurin ɗumama. Da zafi ya kai adadin da aka buga a jikinta, 82 a injunan Toyota da yawa, 87 a waɗansu na Volkswagen, sai kakin ya narke ya kumbura ya tura ƙofar ta buɗe. Kusan duk injin da ya shigo daga waje, abu na farko da ake yi masa shi ne a cire ta a jefar. Hujjar ita ce wai don ƙasashen ƙanƙara aka yi ta, nan kuwa Allah ya ba mu rana.

Kanikawan da suka soma wannan al'ada suna da dalilinsu, kada a raina musu hankali. Injin da ya daɗe a ajiye tamostat ɗinsa kan sandare a rufe, in kuwa ta sandare a rufe injin zai tafasa cikin 'yan mintoci. Bakanike ya ga haka sau biyu sau uku, aka ɗora masa laifi, sai ya yanke shawarar raba kansa da ita gaba ɗaya. Amma maganin wadda ta lalace shi ne sabuwa, gwajinta kuwa ko a ɗakin girki ana iya yi: a saka ta a tukunyar ruwa a ɗora a wuta, lafiyayya za ta buɗe kafin ruwan ya tafasa, ta rufe in ya huce. Cire ta na jawo ɓarna iri biyu. Ta farko, injin ba ya kai zafin aikinsa da wuri, balle da asubahin hunturu a Bauci sa'ad da sanyi ke sa mutane jin wuta. Inji mai sanyi ya fi shan mai, fetur na wanke baƙin mai daga jikin silinda ya gangara cikin tankin baƙin man ya tsinka shi, ringi na ci da sauri. A injin da kwamfuta ke sarrafawa abin ya fi muni, domin muddin ta ga sanyi za ta yi ta ƙara mai kamar an ja cok an manta. Direban da ke kukan tsadar fetur, ga inda wani kaso nasa ke tafiya. Ta biyu ita ce wadda ba a cika sani ba. A injuna da yawa tamostat tana da faifai na biyu a gindinta, wanda aikinsa shi ne toshe gajeriyar hanyar cikin inji a daidai lokacin da ta buɗe ta lagireto. In an cire ta, gajeriyar hanyar na nan a buɗe har abada, ruwa kuwa ba ya son wahala, sai wani kaso nasa ya riƙa komawa cikin inji da zafinsa bai ga lagireto ba. Watau abin da aka yi don gudun tafasa shi ke kawo ta a kan hawa.

Ƙanwar wannan al'ada ita ce haɗa fanka kai tsaye da makulli, ta yi ta juyawa tun daga tayar da mota har kashe ta. Wannan ya fi yawa bayan canjin inji, domin a injunan zamani kwamfutar injin ce ke ba fanka umarni, in kuwa an sayo inji babu cikakkiyar wayarsa, mai waya ba ya samun inda zai ɗauko umarnin, sai ya bi hanya mafi sauƙi. Fankar lantarki an yi ta ne ta yi aiki ta huta. Wadda ba ta hutawa gawayinta na cinyewa, ta mutu ba sallama, galibi a tsakiyar cunkoso. Gyaran ba shi da tsada: makunni mai jin zafi a jikin lagireto ko a kan tiyo, da rile, da fis daidai ƙarfin fankar. Wannan ma ba sabuwar dabara ba ce, domin tun zamanin 404 kamfanin Peugeot ke yin fanka mai kama kanta ta saki kanta bisa ga zafin ruwa.

Wani kuskure kuma, mai ban dariya in ba a kan mutum ya faɗa ba, shi ne juya wayoyin fanka. Fankar lantarki in aka musanya wayoyinta biyu sai ta juya da baya, maimakon ta jawo iska daga waje zuwa wajen inji sai ta riƙa tura ta gaba. A gareji, mota na tsaye a kan silo, ba a ganin komai, domin iska na ratsa lagireto ko ta wace fuska. Da an hau titi sai iskar gudu da ta fanka su yi karo, su kashe juna, allura ta soma hawa. Takarda guda ta isa gwaji. A riƙe ta a gaban lagireto fanka na juyawa, in ta manne lafiya, in ta tashi a sake wayoyin. Injin da fankarsa ke kan fanbel kuwa, abin dubawa shi ne tazara da kuma gidan fankar, watau zoben nan na roba ko ƙarfe da ke kewaye ta. Gajeren inji kan bar fanka nesa da lagireto, ta yi ta kaɗa iskar cikin bonet a banza. Gidan fanka shi ke tilasta mata jan iska ta cikin lagireto, amma shi ne abin da aka fi yarwa a bayan gareji don ya hana hannu shiga. In kuma an sake wa fanbel hanya saboda an cire injin iyakwandishan, a tabbata famfon ruwa na juyawa ta fuskar da aka ƙera shi.

Duk wannan da sauƙi in allurar zafi da ke gaban direba na faɗin gaskiya. Sau da yawa bayan canjin inji ba ta faɗi. Allurar da ɗan abin da ke jin zafin a jikin inji tare aka ƙera su, kamar kwano da murfinsa. In aka haɗa na sabon inji da allurar tsohuwar mota, tana iya nuna rabi alhali ruwa na gab da tafasa, ko ta nuna ja alhali babu komai, har direba ya saba ya daina kallonta. Ko dai a ɗauko na tsohon injin a yi masa mazauni a jikin sabon, ko a sayi allura sabuwa da abin jin zafinta a kafa. Yanzu ma akwai 'yar na'ura ta hannu da ake haska wa ƙarfe ta faɗi zafinsa da lamba, irin wadda jama'a suka saba gani a ƙofofin asibitoci da bankuna a 2020, sai dai ta kanikawa tana auna zafi mai yawa. Garejin da ke ɗaura injuna bai kamata ya rasa ta ba.

A nan ne mutum kan yi tunanin yadda Yelwa take. Ga harabar Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda aka kafa a 1980 a matsayin jami'ar fasaha, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Gwallameji, duk a kan hanya ɗaya. A ciki ɗalibai na lissafin musayar zafi a kan allo, a waje kanikawa na fama da ita da hannu, kowane ɓangare na da rabin abin da ɗayan ke bukata. Da ƙungiyar kanikawa ta NATA da sassan injiniya za su riƙa zama ko da yini guda ne a shekara a kan wannan batu kaɗai, da injuna masu yawa sun yi tsawon rai.

Ruwan da ake ɗurawa, a taƙaice. Wanda ya leƙa gindin butar mai shayi ya ga farin ɓawon da ruwan rijiya ko na burtsatse ke bari. Haka yake yi a cikin bututun lagireto, waɗanda suka fi bakin buta ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ga kuma tsatsa, domin baƙon inji mai tof na alminiyom, da gangar baƙin ƙarfe, da tsohon lagireton tagulla, in ruwa tsura ya haɗa su sai su riƙa cin juna. Ruwan sanyaya inji na kwalba maganin tsatsa ne kafin ya zama maganin ƙanƙara, a gauraya shi da tataccen ruwa irin na batir. Launinsa ba shaida ba ne, ruwan da aka zuba wa shuni ma kore ne. Ɗanyen ƙwai ko garin barkono da ake zubawa don toshe yoyo a daji na iya kai mota gari, amma ba ya tantance ramin yoyo da bututun da ake bukata.

Mai hankali kan sake famfon ruwa da tamostat da fanbel tun injin na ƙasa kafin a ɗaura, lokacin da aikin bai wuce na rabin awa ba, ya kuma sa a wanke hanyoyin ruwan injin har sai abin da ke fitowa ya yi fari. Ya fi kyau kuma a yi ciniki da maigidan gareji ɗaya a kan aikin duka, inji da ruwa da waya, shi ya kira mai lagireto da mai waya a ƙarƙashinsa, a kuma riƙe wani abu daga kuɗin aikin sai bayan gwaji.

Gwajin kuwa ba zagaye ɗaya a Yelwan Tudu ba ne. Da farko a bar motar a kan silo, murfi a buɗe tun tana da sanyi, har tiyon sama ya ɗauki zafi, alamar tamostat ta buɗe, kumfar iska ta gama fita, a cika a rufe, a jira fanka ta kama ta saki da kanta sau biyu. Sa'an nan a shiga cunkoson Wunti da na kasuwar Muda Lawal da tsakar rana. Bayan haka a yi lodi irin wanda motar za ta riƙa ɗauka, a kama hanyar Jos, a wuce Nabordo a hau tuddan Panshanu. Inda allura ta hau shi ke nuna inda cutar take. In ta hau a cunkoso ta sauka da an sami hanya, iska ce ta gaza, a duba fanka da gidanta. In kuwa a tsaye lafiya, amma a gudu ko a hawa sai ta tashi, to lagireto ya yi kaɗan, ko ya toshe, ko tiyon ƙasa na shafewa, ko fanka na juyawa da baya. In duk waɗannan lafiya suke, a koma kan taimin da yawan man da injin ke samu, a kuma duba ko giyar motar ta sa baƙon injin kuka fiye da kima a gudun da aka saba.

In ta tafasa a hanya duk da haka, a tsaya nan take a kashe. Kada a taɓa murfin sai tiyon sama ya huce har ana iya matsa shi da hannu, domin ruwan da ke cikin matsi ya wuce digiri 100, da an buɗe zai yi tsiri ya sami fuska da ƙirji, yaran mota da yawa na ɗauke da tabonsa. Kada kuma a kwara ruwan sanyi a kan tof mai zafi ko a cikinsa. Bayan an isa gida, kwana uku a jere a duba ruwan da sassafe kafin a tayar. In yana raguwa ba a ga inda yake ɗiga ba, ko kumfa na tasowa a bakin lagireto ba ta yankewa, ko farin hayaƙi na bin salansa bayan injin ya ɗumama, ko baƙin mai ya koma launin shayi mai madara, gasket ya riga ya taɓu, a mayar da motar gareji kafin 'yan kwanakin da mai sayar da inji ya bayar na gwaji su cika.